Hoton da Ba Shi da Baki

Yayana ya taɓa fasa wa wani saurayi baki a kasuwar Buza saboda kalma ɗaya tak. Ina tsaye riƙe da igiyar jakinmu, lokacin ban ko shiga lakwal, makarantar boko, ba, saurayin ya zo ya tsoma hannu cikin geronmu ya ce, "Buzu, wanga geron bana ne?" Kafin ya rufe baki Yaya ya rufe masa shi. Da ƙyar mutane sunka raba su. A hanyar komawa gida, da munka gangara fadama, Baba ya ce, "To, ka fasa masa baki. Kalmar ta koma ciki?" Yaya kuwa sai huci yake yi, yana cewa mu Hausawa ne, Hausa muke ji, gero muke nomawa, wa ya taɓa ganin raƙumi ɗaure a gidanmu? Ni dai ina bisa jaki ina jin su, kuma a raina na ba Yaya gaskiya, don a lokacin duk abin da ya faɗa daidai ne a wurina.

Ƙauyenmu yana gindin dutse, tsakanin Keita da Buza. Abin da ba a faɗi a gidanmu shi ne kakannin ubanmu a hannun Abzinawa sunka tashi, su ke yi musu noma, su ke yi musu kiwo. Kowa a garin ya sani, rabin maƙwabtanmu ma haka asalinsu yake, amma ba mai ɗaga maganar. In ka je ƙauyen da ke ƙetaren kwari su kira ka Buzu. In Abzinawa sunka biyo da raƙumansu da rani, su kuma su dube ka daga sama su ce da kai Bahaushe, kuma a bakinsu ba yabo ba ne. Haka munka taso, waɗannan su tura mu can, waɗancan su turo mu nan.

Sai kuma rediyo. Telan garinmu shi ke da ita. Ranar da ake wasan kwaikwayo, sai ka ga rumfarsa ta cika maƙil, har mata masu zuwa rijiya su ajiye tulu su tsaya daga nesa. A cikin wasan akwai wani Buzu mai gadi wanda ba ya bambanta mace da namiji a magana. Shi ne zai ce matarsa ya haihu, maigidansa ta yi fushi. Kullum yana dafa shayi, kullum ɓarawo yana wucewa ta gabansa har ya yi masa sallama. Mu yi ta dariya har da riƙe ciki. Wa ya fi kowa dariya? Yayana, mai fasa baki a Buza! Shi ne ma zai dawo gida ya naɗa zanen Innarmu a kai yana kwaikwayon mutumin. Ban taɓa tambayar kaina yadda anka yi abu ɗaya yake sa shi dariya a rumfar tela ya kuma sa shi dambe a kasuwa ba. Sai da na girma na fara tambaya, kuma har yau ban sami amsar da ta zauna mini ba.

Mutum ɗaya ce ba ta dariya, Kaka, uwar Babanmu. In Yaya ya fara sai ta ce, "Wanga mutum na cikin akwati ba maganar kowa yake yi ba. Bari, ka ji." Shi ko sai ya ƙara.

Tsakanin Kaka da Yaya abin ya wuce misali. Wurinta anka kai shi yaye, bai ƙara dawowa ɗakin Inna ba. Tana kiransa Maigida, yana kiranta Amarya, irin wasan nan na kaka da jika, amma su nasu wasan ba ya ƙarewa. Yana da wushirya faffaɗa, wadda in ya yi dariya har harshe kake hangowa. Kaka takan ce don wushiryar nan ta aure shi, in ba haka ba mi za ta yi da mijin da ko goro ba ya kawowa? Shi kuma ya ce zai sake ta ya auro mai haƙora. Ni da na biyo baya, ni ke kwana ɗakinta, ni ke ɗebo mata ruwa, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ɓoye mini ɗan nama a ƙarƙashin tuwo ba kamar yadda take yi masa. Na ji haushi a lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, har yanzu in na tuna ina ji kaɗan.

Bayan babban farin nan da ya cinye dabbobi ya bar rumbuna wayam, samarin yankinmu na Adar sunka watse bida, neman kuɗi a ƙasashen kurmi. Yaya ya bi mutanen garinmu zuwa Abijan. Damina ta zo ta wuce bai dawo ba, wata ta zo ita ma ta wuce. Saƙo dai yana zuwa, sabulu, atamfa, takalmin roba. Ni kuma anka sa ni lakwal, na fara koyon Faransanci, ina dawowa gida ina yi wa kaji faɗa da shi.

A cikin shekarun nan yanar ido ta fara kama Kaka. Da farko zura zare a allura ne ya gagare ta, sannan tsintar tsakuwa a wake, sannan ta koma gane mutane da murya. Ba ta yi raki ba. Baba ya yi ya yi ya kai ta gidan likita a Madawa, ta ce ba mai taɓa mata ido da ƙarfe. Abu guda take so, ta ga fuskar Maigida kafin fitilar ta mutu, haka take faɗi. Duk ɗan bidar da ya zo yi mata sallama zai koma kurmi, sai ta riƙe masa hannu ta ce, "Ka ce ma mijina, in ba shi zuwa, shi aiko da hoto. Babba hwa, ba irin na katin gwamnati ba. Idona ba shi jira."

Hoton ya zo bayan girbi. Maƙwabcinmu, wani dogo mai yawan surutu da suke kwana ɗaki ɗaya da Yaya a can, shi ya kawo shi a naɗe kamar 'yar tabarma, tare da ganyen shayi da sukari. Tun daga bakin gari yake shela, don haka kafin ya iso zaurenmu rabin garin na biye da shi. Ya kwance ya ɗaga sama da hannu biyu. Ashe ba hoto ba ne kawai, kalanda ce, irin wadda masu sayar da shayi suke raba wa 'yan butiki, masu shaguna ke nan, mai launi, mai ƙyalli. A tsakiyarta ga wani mutum tsaye cikin rawanin turkuɗi sai sheƙi yake yi, ya ja amawali ya rufe baki da hanci, ba abin da ake gani sai ido biyu. Takobi a kafaɗa, layu a ƙirji. Bayansa tudun rairayi, da raƙumi.

"Ga shi nan!" in ji maƙwabcin. "Duk Abijan ba butikin da ba shi rataye."

Baba ya ce, "Wane ne?"

"Ɗanka mana!"

Kowa ya fara magana lokaci guda. Wani ya ce ƙarya ne. Wani ya ce raƙumi? Yaron da raƙumin masu gishiri ya taɓa kora har ya haye aduwa yana kiran Kaka? Maƙwabcin ya ce kai, ku tsaya, raƙumin zane ne a jikin bango, rairayin ma zane ne, a ɗakin wani Bayarabe mai hoto anka ɗauka. Ya ce a can in kana son aikin gadi a gidan Anasara, to ka zo da rawani da takobi, don sun gani a silima cewa mutanen hamada ba su tsoro, ba su barci, ba su sata. In ka ce kai Bahaushe ne kuwa, sai dai ka tura amalanke a kasuwa. Yaya ya tura amalanke har kafaɗunsa sunka yi kanta, sannan ya je ya sayi rawanin wurin wani ɗan Kano, wani tsoho ya koya masa naɗi, ranar da ya naɗa ranar ya sami aiki. Daga nan wani abokin maigidansa ya gan shi a bakin ƙofa ya ce wannan ya dace da kalanda.

Ni na gane shi. Akwai tabo a girarsa ta hagu, inda ƙahon akuya ya taɓa samunsa. Anka turo ni gaba in karanta rubutun Faransancin da ke ƙasa, tun da ni ce 'yar lakwal. Na karanta, na fassara da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Basaraken hamada." Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah." Wata mata ta fara guɗa, anka harare ta, ta haɗiye sauran. Ni kam kaina ya yi girma, ban san dalili ba, kuma tsoro ya kama ni, shi ma ban san dalili ba.

Sannan anka kamo hannun Kaka anka fito da ita tsakar gida inda haske ya fi yawa. Tana tafe tana murmushi, tana gyara ɗaurin kallabi kamar amaryar gaske. Maƙwabcin ya matso da kalandar dab da fuskarta. Ta ƙanƙance ido, ta karkata kai, ta bi hoton daga ƙasa zuwa sama. Da ta kai ga rawanin sai murmushin ya ɓace. Ta ja da baya. Ta zare takalmanta ɗaya bayan ɗaya, ta ja mayafi ta rufe kai, ta durƙusa a ƙasa, ta fara gaisuwa da Buzanci. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban taɓa jin magana guda cikakkiya ta Buzanci a bakinta ba, sai ɗan zagi in akuya ta sa mata baki a gari. Ran nan sai ga shi yana zuba, a hankali, da wata 'yar murya da ban san tana da ita ba.

Baba ya fizge kalandar. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Tsohuwa, tashi. Don Allah tashi. Jikanki ne." Mutane sunka sulale ɗaya-ɗaya, har da maƙwabcin mai surutu.

Na mayar da ita ɗaki. Ta ce, "Wa ya bar shi ya shigo? An rufe rumbu?"

Na ce, "Kaka, takarda ce. Yaya ne a ciki. Ni na ga tabon akuya."

Da abin ya shige ta, sai tsoron ya koma fushi. "Ni za a yi ma wasa? Na ce a kawo mini mijina, an kawo mini mutum babu baki. Ina wushiryar? Ido ai kowa na da shi, jaki ma na da shi!" Ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Baba ya naɗe kalandar ya cusa a rufin zaure, ya ce kada wanda ya ƙara fito da ita. Amma tela bai bar shi ya huta ba, roƙo safe roƙo yamma, har ya gaji ya ba shi. Ina tela ya rataye ta? Daidai bisa rediyo! Sai ya zama muna zaune muna sauraren Buzu mai gadi yana ta shirme, muna dariya, ga kuma Basaraken hamada a bisa kanmu yana kallonmu da idon Yayana. Kuma shi ma ɗin mai gadi ne. Wani lokaci ina cikin dariya in ɗaga kai, sai dariyar ta yanke. Samarin garinmu kuwa, waɗanda da ko da wasa ba ka isa ka ce musu Buzaye ba, sunka fara tambayar inda ake sayar da turkuɗi. 'Yan matan ƙetaren kwari, masu yi mana waƙar tsiya a rijiya, sunka fara kawo wa tela ɗinkin da ba shi da gaggawa don su tsaya su kalla.

Labari ya kai lakwal. Mushenmu, wato malaminmu, baƙo ne a Adar, daga yamma anka kawo shi, mutumin kirki amma ba ya tambaya kafin ya yi abu. Ya ari kalandar don darasin al'ummomin ƙasarmu, ya manna ta a allo, ya kira ni gaba ya ce wa 'yan aji ga ƙanwar mutumin nan a tsakaninku. Ya ce in gaya musu yadda muke kafa tanti, yadda ake tatsar raƙuma, in kuma gaishe su da harshenmu. Na tsaya ƙerere. Na ce da shi a ɗakin laka muke kwana, kuma jaki gare mu, shi ma gurgu. Aji ya ɗauka da dariya. Mushe ya dube ni da takaici, kamar ina ɓoye masa wani abu mai daraja don rowa.

Da anka fita hutu wata yarinyar ƙetaren kwari ta tare ni ta ce, "Basarakiya, ara mini takobi in yanka albasa." Kafin in amsa ta ƙara da, "Buzuwa." Na kama kitsonta, munka yi ta birgima cikin ƙasa har anka raba mu. Mushe ya tambaye ni mi ta ce mini. Na buɗe baki na rasa wacce zan faɗa cikin kalmomin biyu. Wallahi har yau ban san a kan wacce na yi faɗan ba.

Na dawo gida da yagaggiyar riga na tsare Baba a zaure. Na ce, "Baba, mu su wane ne?" Ya ce, "Musulmi," ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Na je wurin Inna na yi mata tambayar. Ta ce, "Mu masu daka ne, ɗauki taɓarya." Sai Kaka ta rage. Ban zaci za ta kula ni ba, amma ta sa na zauna ina tsefe mata kai, ta ba ni labari.

Ta ce tana ƙarama, bayan girbi Abzinawan suke zuwa, bisa raƙuma. Kafin ka gan su ƙamshin shunin rawaninsu ya riga su isowa. Mata su cire takalmi, maza su ruga su kama akala. Ubanta shi ke shimfiɗa musu tabarma a inuwa, ya kawo abinci, ya koma bakin ƙofa ya zauna har su gama ci. Sannan a buɗe rumbu su auna hatsi su tafi. Ba duka, ba zagi, in ji ta, wani lokaci ma su kawo gishiri da cuku. "Amma ban taɓa ganin bakin ko ɗaya ba. Murna suke, fushi suke, oho. Ido kaɗai." Ubanta shi ma yana naɗa rawani, fari na ƙyalle, don turkuɗi ba nasu ba ne.

Na ce, "To Kaka, mu su wane ne ke nan?"

Ta ce, "Ke, wagga tambayar lakwal ce. Ja a hankali, kin cire mini gashi."

Da maƙwabcin zai koma kurmi ni na tare shi, ban jira Kaka ba. Na ce, "Ka ce ma Yaya baki take so. Baki! In bai san inda bakinsa yake ba shi tambaya." Ya yi dariya ya ce yarinyar nan akwai tsiwa, zai faɗa.

Hoto na biyu ya zo da wata daminar. Ɗan ƙarami, bai fi tafin hannu ba, baƙi da fari. Ga Yaya cikin wando mai faɗin ƙafa da riga matsattsiya, ya tara suma kamar kwando, ya dafa wata babbar rediyo mai kaset wadda daga gani ta mai hoton ce. Yana dariya, wushirya a fili. Amma fa ya sa baƙin tabarau ya rufe ido ruf! Ni 'yasu. Wanda ya kawo ya ce haka yake shiga ranar hutunsa, haka duk samarin can suke yi, irin na mawaƙan da ake gani a jikin faifai. Ya ce in ya shiga kasuwa a haka matan can suna kiransa Hausa, don su a wurinsu duk wanda ya fito arewa Hausa ne, ko Bazabarme ne ko Bafillace. In ya koma bakin ƙofa ya naɗa rawani, Anasara su kira shi mutumin hamada. In ya je masallacin zango, Hausawan can su ce masa Buzu, ya amsa, har ya yi musu muryar mutumin rediyo su yi dariya. Na ce ya amsa? Ya ce ƙwarai kuwa. Na tuna saurayin kasuwar Buza da bakinsa na jini, na ji kamar in je in ba shi haƙuri.

Na ɗauki ɗan hoton na je rumfar tela na kara shi kusa da kalandar. Nan ido babu baki, nan baki babu ido. Na yi ta kallo ko zan haɗa mutum guda, bai haɗu ba. Da na kai wa Kaka ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa, ta juya shi, ta sake juyawa, a kife ma ta riƙe shi. Ta ce, "Shina dariya?" Na ce yana yi. Ta ce, "To." Ta sa shi ƙarƙashin matashinta. A lokacin dama ba abin da ya rage mata sai bambanta rana da inuwa, kuma kafin shekara ta kewayo shi ma ya tafi.

Yaya ya dawo da wani rani, lokacin na shiga kolej a Keita, na zo hutu. Anka ce yana cikin kamyon Madawa, babbar motar nan mai zuwa ranar kasuwa. Ni na fara isa inda take tsayawa. Mutane na sauka, 'yan bida da akwatunansu na ƙarfe, ina ta raba ido. Sai ga wani ya diro cikin rawanin turkuɗi, amawali a ja, takobi a kafaɗa. Yara sunka ɗauki ihu, "Mai kalanda! Mai kalanda!" Samari sunka kewaye shi suna taɓa takobin.

Ban gaishe shi ba. Na ratsa mutane na tsaya gabansa na ce, "Cire."

Ya dube ni, bai gane ni ba da farko, don ya bar ni ina 'yar mitsitsiya. Sannan ya ce, "Kai, ke ce? Haka ake tarbar yaya?" Ya ce ai hanya ce ba kyau shi ya sa ya naɗa, kuma a tashar Madawa wasu sun gane shi har sun saya masa shayi, kuma ai ya kamata mutum ya shigo gari yadda anka ji labarinsa.

Na ce, "Amaryarka ta durƙusa ma hotonka. Ta cire takalmi a gaban jama'a. Ba wanda ya faɗa maka?"

Ba wanda ya faɗa masa. Na ja hannunsa zuwa rijiya, yara na biye ina korar su. Ya warware rawanin, ya daɗe yana warwarewa, ashe abin tsawo gare shi. Ya rame, ya yi gemu, wushiryar dai tana nan. Amma shuni ya kama masa goshi da kumatu da gemun, ya wanke ya sake wankewa, sai dai ya ragu. Yana goge fuska na ce masa, "Ba ta gani kuma. Ko kaɗan." Ya tsaya da hannu a fuska. Na cusa rawanin da takobin cikin buhu na ba wani yaro ya kai rumfar tela.

Kaka na zaune bisa tabarma a ƙofar ɗakinta, rana ta yi sanyi. Yaya ya yi mini alama in yi shiru, wai zai ba ta mamaki, ya taka a hankali har ya zo kusa. Sai na ga ta ɗaga kai. Hancinta ya motsa. Ƙafarta ta dama ta fara laluben diddigen ta hagu, tana zare takalmi.

Na ce, "Yi magana mana, kai kuma!"

Ya ce, "Amarya, har yanzu ba ki yi haƙora ba?"

Ƙafar ta tsaya. Ta ce, "Matso." Ya durƙusa gabanta. Ta ɗora hannu biyu bisa fuskarsa, ta fara daga goshi, ta sami tabon akuya ta tsaya a kai, ta gangaro hanci, ta zo leɓe. Ta ce, "Buɗe." Ya buɗe. Ta sa ɗan yatsa cikin wushiryar. Ta ce, "Shi ne." Sannan ta dunƙule hannu ta doke shi a ƙirji, dukan tsohuwa mara ƙarfi. "Na ce ka zo ina da ido. Ka zo mini yanzu in yi mi da kai?" Ƙaton namiji da gemunsa sai ga shi yana kuka, Inna ta juya baya ta shige madafa.

Da ya lafa ta ce, "An ce can suna tsoronka."

Ya ce, "Suna yi, Amarya." Har da ɗan fahari a muryar.

"Kana aunar musu hatsi?"

"A'a. Ƙofa nake buɗewa in mota ta zo, in rufe in ta shiga."

"Ina kake zama?"

"Bakin ƙofa. Akwai ɗan benci."

"In suna cin abinci fa?"

"Nan dai."

Ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "To. Ashe wurin zaman ubana ka samu." Yaya bai gane ba, ya waiwayo ya dube ni. Ni na gane, ko in ce na gane rabi, sai na kau da kai.

Da ta sauke hannu na ga yatsunta duk sun yi shuɗi, hawayensa sun jiƙa shunin ya kama ta har tafi. Na ɗebo ruwa a ƙwarya na ce ta kawo in wanke mata. Ta ce mi ya faru. Na ce shuni ne ya ɓata mata hannu. Ta kai yatsun hanci ta shaƙa, ta daɗe a haka.

Ta ce, "Bar shi. Tun da nike, ban taɓa sa hannu a fuskar mai wanga ƙamshi ba." Ta laluba ta mayar da hannun bisa bakinsa. "Yi mini dariya, Maigida, in ji."

Ya buɗe baki ya yi, hawaye na bin yatsunta. Ni kuma ina tsaye da ƙwaryar ruwa a hannu, na rasa inda zan ajiye ta.